Idan Mai Duba Injin Jirgi Ya Ce a Dakata, a Dakata

Ranar 28 ga Oktoban 2016, wani jirgin kamfanin American Airlines ƙirar Boeing 767 ya kwashi gudu a titin filin jirgin O'Hare na birnin Shikago, ɗauke da mutum 170, zai nufi Miyami. Bai kai ga ɗagawa ba sai wani faifan ƙarfe da ke can cikin injinsa na dama ya tarwatse. Ɓalli guda mai nauyin kusan kilo 26 ya huda fiffiken jirgin, ya datse bututun mai, ya fasa tanki, ya yi sama ya tsallake jirgin gaba ɗaya, bai zame ko'ina ba sai rufin wani ɗakin ajiyar kaya na kamfanin UPS, tazarar kusan mita 900. Wuta ta kama gefen dama. Matuƙan suka tsayar da jirgin a kan titi, aka fitar da kowa da ransa, mutum 21 suka ji rauni. Allah ya taƙaita, domin abin ya faru ne tun ƙafafun jirgin na ƙasa.

Ni ba ma'aikacin jirgin sama ba ne. Sana'ata duba ƙarfe: walda, bututu, tukunyar tururi ta masana'anta, duk wani ƙarfen da ake fargabar ya tsage yana tsakiyar aiki. Amma dabarun da muke bi su ne dai ake bi a kan injin jirgi, sai dai ƙa'idar can ta fi tamu tsauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga fasinjoji na tada jijiyar wuya a filin jirgi don an ce an jinkirta tashi, injiniyoyi na son ƙara duba inji. Maganata guda ce. Idan mai duba inji ya ce a dakata, to a dakata, kuma kada maganar kowa ta hau kan tasa, ko ta manaja ce, ko ta mai kamfani, ko ta babban mutumin da ke zaune a kujerar gaba.

Ga dalilina. Kusan komai na jirgin fasinja an yi masa madadi. Inji biyu ne ko fiye, ɗaya ya mutu ɗayan ya kai jirgin gida. Matuƙa biyu ne. Layukan lantarki da na man haidirolik an ninka su. Ko fiffike guda na fankar inji ya karye, doka ta tilasta wa masu ƙera inji su gwada, su nuna cewa kwanson injin zai iya tare shi kada ya fito waje. Faifai ne kaɗai ba shi da wannan gata. Shi ne kaurin ƙarfen nan da ake jera ƙananan fikafikai a bakinsa, a sashen fanka da sashen matse iska da kuma sashen turbin, inda iskar da ta fito daga wuta ke bugawa da zafin da ya haura digiri 1,000. A babban inji, faifan da ke daf da wutar yana juyawa kusan sau 10,000 a minti ɗaya. In ya rabe gida biyu ko uku a wannan gudun, babu kwanson da zai tare shi, sai dai wanda nauyinsa zai hana jirgin tashi. Masu ƙera inji sun san haka, hukumomi ma sun sani. Saboda haka kariya ɗaya ce ta rage: kada a bari ya kai ga fashewa.

Faifai ba ya fashewa dare ɗaya. Duk lokacin da jirgi zai tashi, inji na kaiwa ƙololuwar gudu da zafi, ƙarfen ya miƙe kaɗan. In an sauka an kashe inji, ya huce ya koma. Wannan tashi da sauka ɗaya shi ake ƙirgawa zagaye guda. Idan akwai ɗan aibi a jikin ƙarfen, ko da ƙwayar datti ce da ta shiga tun wajen narka shi, ko ɗan karce da kayan aiki suka bari, daga nan tsaga ke somawa, tana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan da kowane zagaye. Tana iya shekaru tana tafiya inji na aiki lafiya lau, ba ƙara, ba girgiza, ba wata fitila da za ta kama a gaban matuƙi. Don haka ne kowane faifai ke da lambarsa da littafinsa da adadin zagayen da aka yanke masa. Da ya cika adadin, a cire shi a lalata, ko da yana sheƙi kamar jiya aka ƙera shi. Kafin ya cika kuwa, duk lokacin da aka kwance inji aka kai ga faifan, sai an bi shi lungu-lungu ana neman tsaga.

Darasi mafi ɗaci a wannan fanni an koye shi ne ranar 19 ga Yulin 1989. Jirgin United Airlines mai lamba 232, ƙirar DC-10, ya taso daga Denba zai tafi Shikago da mutum 296. Yana can sama sai faifan fankar injin da ke wutsiya ya fashe, ɓarɓashinsa ya yayyanke dukkan layukan haidirolik guda uku da ake sarrafa jirgin da su. Kyaftin Al Haynes da abokan aikinsa suka rasa duk wata hanyar juya jirgi, sai dai su ƙara wa injin wannan fiffike wuta su rage wa wancan. A haka suka lallaɓa har filin jirgin Sioux City a jihar Ayowa, inda jirgin ya daki ƙasa ya kakkarye ya kama da wuta. Mutum 112 suka rasu, 184 suka tsira. Bayan kusan wata uku aka tsinci babban ɓangaren faifan a wata gonar masara.

Abin da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano ya isa ya hana duk mai irin sana'ata barci. Aibin ya shiga ƙarfen titaniyam ɗin tun lokacin da aka narka shi a 1971. Tsaga ta taso daga nan tana girma shekara da shekaru. An duba faifan sau shida a rayuwarsa, na ƙarshe a 1988, saura zagaye 760 ya fashe, kuma a lokacin tsagar ta kai kusan rabin inci a saman ƙarfen. Da masu bincike suka duba fuskar tsagar, sai suka tarar da ragowar rinin da ake shafawa don neman tsaga maƙale a cikinta. Wato rinin ya shiga, ya yi nasa aikin. Ido ne bai gani ba. Hukumar kuma ba ta tattara laifin ta jibga wa ma'aikaci ɗaya ba. Cewa ta yi tsarin binciken bai yi la'akari da iyakar abin da ɗan Adam zai iya ba.

Na san wannan aiki da hannuna. Za a wanke ƙarfe tas, a shafa masa rini mai ƙyalli, a ba shi lokaci ya tsotsa, a wanke na saman, a busar, a barbaɗa hodar da ke janyo rinin da ya shige tsaga ya fito fili. Sai ka shiga ɗaki mai duhu, ka jira idonka ya saba, ka haska fitilar ultrabayolet, kana neman ɗan siririn layi mai hasken ruwan ɗorawa da kore. Kowane mataki na iya lalata na gabansa. In wanki bai fita ba, datti ya toshe bakin tsaga. In ruwa ya rage a ciki, rini ba zai shiga ba. In an cika wanki, an kwashe rinin da ake nema. Sannan ga babbar jarrabawar: za ka duba ƙarfe bayan ƙarfe, wata da watanni, ba ka ga komai ba, domin galibinsu lafiyarsu ƙalau. Zuciya takan fara raya maka cewa wannan ma kamar sauran ne. A daidai wannan lokacin ne wani zai leƙo ta ƙofa ya ce, "Malam, har yanzu ba ka gama ba? Kai kaɗai ake jira." An sha faɗa mini haka a wuraren aiki, kuma na san nauyin da kalmar ke ɗora wa mutum, musamman idan mai faɗin ta shi ne ke sa hannu a takardar albashinka.

Shekara bakwai bayan Sioux City, ranar 6 ga Yulin 1996, abin ya maimaita kansa a Pensacola ta jihar Fulorida. Jirgin Delta ƙirar MD-88 na fara gudun tashi sai cibiyar fankar injinsa na hagu ta fashe, ɓarɓashi ya huda jikin jirgin ya kashe uwa da ɗanta a kujerun baya. Tsagar ta samo asali ne daga wani rami da aka huda wajen ƙera cibiyar, kuma an duba ta da rini watanni kafin haɗarin ba a gano ba. Wannan ne ya sa na ce gyaran ba ya tsayawa ga faɗa wa ma'aikaci ya buɗe ido. A ba shi lokaci, a ba shi hutu, a ba shi kayan aikin leƙa rami da kusurwa, a ƙara masa na'urar da ke aika igiyar lantarki a fatar ƙarfe ta nuna tsaga ko ido bai kai ba, kuma wuraren da suka fi haɗari a sa ido na biyu ya sake bi.

Faifan Shikago na 2016 kuwa wani darasin ya kawo. Bai cika wa'adinsa ba: ya yi zagaye 10,984 cikin 15,000 da aka yanke masa. Babu wanda ya yi sakaci wajen duba shi. Aibin na binne ne a cikin ƙarfen nikel ɗin, ƙarƙashin fata, inda rini ba ya shiga, na'urar lantarkin ma ba ta kaiwa. Mai sayen tulu a kasuwa ba ta tsayawa ga kallo, sai ta ƙwanƙwasa ta saurara, domin amo na tona tsagar da ido bai gani ba. Dabarar da ta rage ke nan a kan irin wannan faifai: na'urar da ke tura sauti mai tsananin kaifi cikin ƙarfe, in ya ci karo da aibi ya dawo ya nuna a allo. Bayan haɗarin, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta irin wannan binciken a kan rukunin faya-fayan injin CF6, irin na wannan jirgin, da abin ya shafa. Ke nan bai isa a ce an duba ba. Sai a tambaya: da me aka duba, kuma abin da aka duba da shi zai iya ganin irin aibin da ake tsoro?

Akwai masu cewa wannan duk tsada ce a kan abin da ba kasafai yake faruwa ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. A watan Maris na 2020 faifan turbin na wani jirgin Vietnam Airlines ƙirar Airbus A321 ya fashe yana shirin tashi. Da aka bi sawu sai aka gano cewa garin ƙarfen da kamfanin Pratt & Whitney ke dunƙulawa ya ƙera faifai ya gurɓata da baƙin abu. A 2023 uwar kamfanin, RTX, ta bayyana cewa matsalar ta shafi sababbin injinan jiragen A320neo, waɗanda aka yi da garin da aka sarrafa daga ƙarshen 2015 zuwa 2021. Ta ce za a sauke injina 600 zuwa 700 kafin ƙarshen 2026, kowanne zai shafe kwana 250 zuwa 300 a wurin gyara, ta kuma ware kusan dala biliyan 3 a matsayin asara. Ɗaruruwan jirage suka zauna a ƙasa. Kamfanoni irin su IndiGo na Indiya da Wizz Air na Turai da Spirit na Amurka suka ajiye jirage da dama, aka soke tafiye-tafiye, ma'aikata da fasinjoji suka ji a jikinsu.

Na yarda asara ce babba. Amma asarar da ake iya ƙirgawa a biya ce. Wadda aka yi a Sioux City har yau babu wanda ya biya ta. Kuma ƙarancin faruwar abin ba hujjar sassautawa ba ce, domin binciken ne ya sa ya yi ƙaranci. Faifan da aka kama da tsaga aka jefar ba ya shiga labarai, shi ya sa jama'a ke ganin kamar ba a tsinana komai. Wannan lamari ya kuma rushe wani zato da na sha ji a bakin mutanenmu, cewa sabon jirgi shi ne mai lafiya, tsoho kuma akwatin gawa. Faifan Sioux City ya kusa shekara 18, na A320neo kuwa sababbi ne fil. Shekarun jirgi ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne a san tarihin kowane faifai, a kuma san wa ya duba shi, yaushe, da wace na'ura.

Wannan ya kawo mu ga takarda. Ba a gane zagayen da faifai ya yi ta hanyar kallonsa, sai abin da littafinsa ya ce. Duk ginin ya dogara ne a kan cewa wanda ya rubuta lamba bai yi ƙarya ba. A 2023 aka bankaɗo wani dillalin kayan gyara a Landan mai suna AOG Technics yana sayar da dubban kayan injin CFM56 da takardun jabu, kuma wannan inji shi ne a kan yawancin Boeing 737 da tsofaffin A320 da ke yawo a duniya. Ma'aikatan gyara a Fotugal ne suka fara lura cewa kayan da takarda ta ce sabo ne ya yi kama da wanda ya sha aiki. Masu ƙera injin sun ce zambar ba ta kai ga faya-fayai ba. Duk da haka sai da aka sauke injina a ƙasashe da dama ana ciro kayan. Abin lura shi ne, ba kwamfuta ce ta tona asirin ba, ma'aikaci ne da ya ƙi yarda da takarda da idonsa ya ƙaryata ta.

Mu ma abin ya shafe mu, ko da yake ba ma ƙera inji. Muna hawa jiragen da injinansu suka ratsa hannun kamfanoni da dama kafin su iso gare mu. Babban gyaran inji galibi a waje ake yin sa, da dala ake biya, kamfanoninmu kuwa naira suke karɓa a tikiti. Duk inda kuɗi suka yi wuya, jarabar ɗaga gyara zuwa gobe na ƙaruwa. Ga zafi, ga ƙurar hunturu da ke cinye fikafikan inji, kuma lalacewar fikafikai na iya jawo wa faifai matsala. A 2010 NTSB ta fitar da gargaɗin gaggawa kan tsofaffin injinan CF6-50 bayan faya-fayan turbin sun fashe a jirage huɗu, ciki har da wani Boeing 747 da ya taso daga Jidda a 2008. Zaizayewar fikafikan sashen zafi ce ta haifar da girgizar da ta tsaga faifan da ke bayansu.

Kuma mun san kuɗin gaggawa da jininmu. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya taso daga Jidda da alhazai zai kai su Sakkwato, ya kama da wuta ya faɗi, mutum 261 da ke ciki babu wanda ya fita. Ba faifai ba ne ya jawo, tayoyi ne da iskarsu ba ta cika ba. Amma bincike ya nuna an san da matsalar, an nemi a ƙara iskar, aka ƙi jira don kada a makara, an kuma taɓa alƙaluman takardar gyara. Cutar ɗaya ce da wadda nake magana a kai: wanda ya ga aibi ya faɗa, wanda ke riƙe da agogo ya danne shi.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta riƙa sanar da jama'a a fili, cikin harshen da za su gane, duk lokacin da wani umarnin dole kan faifan inji ya shafi jirgin da ke aiki a ƙasar nan, da ranar da aka cika shi. Jiragen haya da ake kawowa jigilar alhazai a tantance littafin kowane faifai tun watanni kafin a fara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanoni su raba ofishin masu duba inji da ofishin masu tsara tafiya, ta yadda wanda ya hana jirgi tashi ba zai ji tsoron rasa aikinsa ko ƙarin girmansa ba. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya da kwalejojin fasaharmu su ɗauki ilimin duba ƙarfe da muhimmanci, a horar da matasa har su samu shaidar da duniya ta yarda da ita, don mu samu masu iya karanta rahoton da aka aiko daga waje su gane inda ya yi rauni. Kamfanin da ya jinkirta tafiya kuma ya faɗi gaskiyar dalili, ya ba fasinja haƙƙinsa na abinci da masauki, domin ɓoye-ɓoye ne ya koya wa mutane zargin cewa duk jinkiri ƙarya ce.

Mu fasinjoji kuma mu san wa za mu yi wa faɗa. Ka yi ƙorafi a kan rashin bayani, ka nemi a mayar maka da kuɗinka, wannan haƙƙinka ne. Amma kada ka taɓa matsa wa kowa ya tashi da jirgin da injiniya bai sa wa hannu ba, kuma in kana da muƙami kada ka ɗaga waya don a yi maka alfarmar tashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma na yi imani rai da ajali na hannun Allah. Sai dai malamanmu sun koya mana cewa dogaro ga Allah ba ya sauke wa mutum nauyin riƙo da sababi, kuma amanar da aka damƙa maka za a tambaye ka a kanta. Sa hannun mai duba inji amana ce ta rayukan mutanen da bai taɓa gani ba. Wanda ya hana shi lokacin da zai sauke ta yadda ya kamata ya yi tarayya a duk abin da ya biyo baya. Ya wajaba doka ta kare wannan ma'aikaci, kamfani ya saurare shi, mu kuma mu yi haƙuri har ya gama.